Mu Kiristocin Kaduna, tun yaushe tambaya ta zama tawaye?

Malam Edita, salama alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci na garin nan. Na san yawancin masu karanta jaridarka Musulmi ne, kuma na san wasu daga cikinmu za su ce na tona asirin gida. To, da Hausa muke sujada, da Hausa muke waƙa, da Hausa muke gardama a taron majalisar ikilisiya, don haka da ita zan faɗi abin da ke damuna. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda mai tambaya ya zama abin zargi a majami'unmu. Duk abin da aka faɗa daga bagade, amsa ɗaya ce: Amin. In aka ce an ga wahayi, Amin. In aka ce a kawo baiko na musamman kafin ƙarshen wata, Amin. Ranar da wani ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Baba, a wace sura aka rubuta wannan?" sai ka ji an fara raɗa cewa ruhun tawaye ya shige shi. Ni tsohuwar malamar firamare ce. Na ƙare aikina ina lallashin yara su buɗe baki su yi tambaya, ina gaya musu matambayi ba ya ɓata. Yanzu kuma ina zaune a bencin Zumuntar Mata ina kallon yadda ake koya wa yaran nan, da suka zama iyaye, cewa shiru shi ne bangaskiya.

Ba haka kawai muka wayi gari a wannan hali ba, kuma ba na ɗora wa fastoci laifin duka. Tsoro ne ya haife shi. A Tudun Wada na yi aure, a can na haifi 'ya'yana, maƙwabtana Musulmi ta ko'ina. Rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000, wanda ya ci fiye da mutum 1,000, shi ya tashe mu muka tsallako gada zuwa Sabon Tasha, kamar yadda Musulmin da ke wannan ɓangare suka kwashe nasu suka nufi Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Na Nuwamban 2002 ya ƙarasa abin da ya rage, na bayan zaɓen 2011 ya sa hatimi. Yau kogi ya raba garin biyu. Akwai samari a Television da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora da suka girma ba su taɓa cin tuwo a gidan Musulmi ba, kuma na tabbata akwai irinsu a can da ba su taɓa shiga gidan Kirista ba.

Ga abin da wannan rabuwa ta yi wa tunaninmu. A da, in aka ce "suna shirin kaza", sai in leƙa gidan Hajiya maƙwabciyata in tarar tana tankaɗen gari, jita-jita ta mutu a nan take. Yanzu babu gidan da zan leƙa. Duk wanda nake gani irina ne, abin da na ji shi ya ji, abin da nake tsoro shi yake tsoro. Mutanen da suka sha wuya tare sukan ɗauki haɗin kai a matsayin garkuwa, kuma da gaskiyarsu. Amma daga nan sai a zarce, a ɗauki duk wanda bai yi amshi ba a matsayin wanda ya buɗe wa maƙiyi ƙofa.

Kwanakin baya aka turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na ikilisiyarmu. Gawarwaki ne a jere, an rubuta a ƙasa wai daren jiya ne a wani ƙauye na Kudancin Kaduna. Nan da nan zaure ya cika da kuka da tsinuwa. Sai wani yaro, ɗalibi, ɗan wata gwauruwa da muke zumunta tare, ya rubuta cewa lambar motar da ke cikin bidiyon ba ta Nijeriya ba ce, kuma masu magana a ciki Faransanci suke yi. Ya tambaya ko akwai wanda ya san sunan ƙauyen. Iyakar abin da ya yi ke nan. Kafin yamma an cire shi daga zauren. Ranar Lahadi wani dattijo ya tare shi a bakin ƙofa ya ce masa, "Kai wai na wane ɓangare ne?" Uwarsa ta bi gida-gida tana ba da haƙuri, ba tare da ta san laifin da take ba da haƙuri a kansa ba.

Kada wani ya juya mini magana. Ana kashe mutane a Kajuru da Kaura da Zangon Kataf, ana kashewa a Birnin Gwari da Giwa. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 120 da aka sace daga makarantar Bethel Baptist a watan Yulin 2021 ba, da iyayen da suka sayar da gonaki don su karɓo 'ya'yansu. Gaskiyar da muke da ita ta ishe mu kuka, ba mu bukatar aron gawar wata ƙasa. Kuma duk ranar da aka kama mu da bidiyon ƙarya guda, mun ba mai son musu hujjar da zai ƙaryata na gaskiya. Yaron nan gata ya yi mana, muka saka masa da kora.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin da muke ɗauka a hammata kowace Lahadi cike yake da irin yaron nan. A duba 1 Sarakuna sura 22. Ahab sarkin Isra'ila yana so ya tafi yaƙi Ramot-gileyad, ya tara annabawa wajen 400, duka suka ce ya tafi, nasara tasa ce. Har ɗaya daga cikinsu, Zedekiya, ya ƙera ƙahoni na ƙarfe yana nuna yadda za a tunkuyi Suriyawa. Yehoshafat sarkin Yahuza ne hankalinsa bai kwanta ba, ya tambaya ko babu sauran wani annabi. Ahab ya ce akwai Mikaiya ɗan Imla, amma ya ƙi jininsa, don bai taɓa yi masa annabcin alheri ba. Wurin da nake so a lura shi ne ɗan saƙon da aka aika ya kira Mikaiya. A hanya ya ba shi shawara irin ta masu son zaman lafiya: duka annabawa bakinsu ɗaya, kai ma ka faɗi irin tasu. Na sha jin wannan shawara a bakin mutanen kirki, a ƙofar majalisar dattawa, da murya ƙasa-ƙasa. Mikaiya ya ƙi. Zedekiya ya sharara masa mari, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya tafi yaƙin, har ya ɓad da kama, kibiyar da wani ya harba ba da nufin kowa ba ta same shi ya mutu. Su 400 ɗin nan ba bokaye aka kira su ba, da sunan Ubangiji suka yi magana.

Sai abin da ya faru a Antakiya, wanda Bulus ya ba da labarinsa a Galatiyawa sura 2. Bitrus yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, lafiya lau. Da wasu suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, don tsoron abin da mutanensa za su ce. Sauran suka bi shi, har da Barnaba. Bulus ya tsaya a gaban kowa ya gaya masa bai yi daidai ba. Bitrus fa, wanda ya yi tafiya da Yesu ƙafa da ƙafa. Nawa ne a cikinmu suke da aminin ciniki Musulmi a Kasuwar Barci, wanda ke ba su kaya bashi ba takarda, amma in aka zo taro ana yi wa Musulmi kuɗin goro sai su sunkuyar da kai su yi gum?

Ayar da aka fi rufe mana baki da ita ita ce Zabura 105:15, wadda ta hana taɓa shafaffun Allah. Duk wanda ya karanta ayoyin da ke gabanta zai ga zancen Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma sarakuna ake gargaɗi kada su cuce su. Aya ce da ke kare marar ƙarfi daga mai ƙarfi. Yadda ta zama katangar da ke hana gwauruwa tambayar inda kuɗin ginin da ta ba da ya shiga, wannan sai masu amfani da ita su yi mana bayani.

Haka aka yi a zaɓen 2023. Na ji haushin tikitin Musulmi da Musulmi kamar yadda da yawa suka ji, kuma ban ɓoye ba. Amma an kai inda ake nuna wa mutum inda zai dangwala daga kan bagade, wanda ya zaɓi wani dabam kuma a kira shi Yahuza Iskariyoti. Ƙuri'a ba ta cikin sharuɗan baftisma.

Mun kuma manta tarihinmu. Likita Walter Miller da abokan aikinsa, waɗanda suka zauna a Zariya kafin mishan ta koma Wusasa, sun yi shekaru suna fama har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Don me suka sha wannan wahala, in ba don manomi da matar gida su karanta da idonsu ba? Mahaifina da girmansa ya zauna ajin karatu na mishan yana haɗa baƙaƙe, kuma har ya rasu in mai wa'azi ya ambaci aya sai ya buɗe ya duba, yatsansa a kan layi. Ba raini ba ne. Abin da mutanen Biriya suka yi wa Bulus ke nan a Ayyukan Manzanni 17:11, suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, kuma yabonsu aka yi, ba horo aka sa su ba. Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi, wanda muke alfahari da shi har gobe, da me ya yi suna kafin ya rasu a Mombasa a 1975? Da ja da manyan malaman tauhidi na Afirka a rubuce, da hujja. Muna yabon mai gardama in ya mutu, muna korar na raye.

Na san amsar da za a ba ni: Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi biyayya ga shugabanni. Gaskiya ne, kuma ina yi. Akwai fastoci a ƙauyukanmu da ke kwana da garkensu a inda ko jami'in tsaro ba ya son kwana, albashinsu bai kai kuɗin buhun masara ba. Irin waɗannan ba su cancanci raini ba. Kuma ina da magana da samarinmu masu cewa su sun waye. Yaro ya kalli wani mai wa'azi daga Amurka ko Legas a YouTube, ya dawo yana maimaita maganarsa kalma da kalma, yana kiran iyayensa 'yan bi yarima a sha kiɗa. Wannan ya sauka daga wata motar haya ne ya hau wata, yana ta cika baki wai shi ke tuƙi. Mai tunanin kansa na gaske yakan tambayi na cikin waya kamar yadda yake tambayar na kan bagade, kuma yakan zauna a cikin jama'a ya yi tambayarsa. A Ayyukan Manzanni sura 15, da gardamar kaciya ta taso, manzanni da dattawa zama suka yi aka yi muhawara mai zafi, kowa ya kawo hujjarsa, sannan aka yanke. Ba wanda aka cire daga zaure.

Wanda yake ganin biyayya ba tambaya ba ta da haɗari, ya tuna dajin Shakahola na ƙasar Kenya, inda tun daga 2023 aka tono gawarwaki fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, waɗanda aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Ba mahaukata ba ne. Iyaye ne masu ƙaunar Allah da aka koya wa cewa shakka zunubi ce.

A nan gida kuma muna da misalin akasin haka. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, yana jagorantar matasan Kirista. Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin guda. Da suka fara zama tare a 1995, kowannensu ya sha zargi daga mutanensa kafin ya sha yabo daga baƙi. Aikinsu na cikin abin da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a watan Agustan 2002. Wani zai ce ai bayan wata uku gari ya sake kamawa. Haka ne. Amma da su biyun sun tsaya jiran izinin taron jama'arsu, da ko zaman farko ba a yi ba.

Roƙona ga iyayenmu fastoci da dattawa, na ECWA da Baptist da HEKAN da Angilikan da Katolika da sababbin majami'u, ba mai tsada ba ne. A nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, a rage wa'azi a bar lokacin tambaya, kuma in fasto bai san amsa ba ya ce zai bincika ya dawo, ba abin da zai ragu a rigarsa. Bulus da kansa ya ce a 1 Korantiyawa 14:29 in annabawa biyu ko uku sun yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. A riƙa karanta rahoton kuɗi dalla-dalla a gaban ikilisiya, a manna shi a allo inda kowa zai gani. Masu kula da zaurukan WhatsApp kuma, kafin ku cire mai tambaya, ku fara tambayar wanda ya turo saƙon inda ya samo shi.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka, ya ba Kaduna lafiya.

Taka,
Malamar firamare mai ritaya,
Sabon Tasha, Kaduna.