Kan farautar kuskuren manhaja daga nesa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasanmu masu harhaɗa ƙananan na'urori masu aiki da Linux, irin su Raspberry Pi. Mai neman kuskuren manhaja daga nesa yakan kunna gdbserver, wato ƙaramar manhajar da ke buɗe hanyar bincike daga nesa, a kan na'urar, sannan ya haɗa GDB na kwamfutarsa, wato manhajar binciko kurakurai, da ita ta umarnin target remote. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rumbunan umarni da manhajoji ke tarayya a kansu (shared libraries), kamar libc, domin sai an kwafo ainihin na na'urar an nuna wa GDB mazauninsu da umarnin set sysroot. Rumbunan kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel ba sa dacewa da ARM, nau'in ƙwaƙwalwar da Raspberry Pi ke amfani da ita. Ni kaina sai da na ɓata yini biyu kafin in gane haka.

Naka mai karatu,
daga Maradi