Abba, ga yadda za ka haɗa romon gashin Lahadi babu nama

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya sanyin Sheffield? Naga saƙonka, kace ranar Lahadi kai ne da girki a gidanku kuma biyu cikin abokan zamanka basa cin nama ko wani abu da ya fito daga dabba, kana tambaya ya za ka yi da girebin, wato romon nan mai kauri da ake zubawa a kan gashin. To saurara.

Gashin Lahadi a wajen Turawan Ingila ba ƙaramin abu bane, nama ne gasasshe da dankalin turawa da karas da kabeji, amma in babu wannan romon mai kauri duk a bushe za'a ci shi. Su asali da ruwan da ya tsatso daga naman suke yi, kai kuma baka da wannan, don haka ɗanɗanon duk daga albasa zai fito, kuma nan ne nasan halinka na gaggawa. Manyan albasa 2 ka yanka siriri, man gyaɗa ko na zaitun cokali 2, wuta ƙasa ƙasa, ka barta minti 25 zuwa 30 kana juyawa jefi jefi har tayi laushi tayi ruwan ƙasa kamar dabino, kar ka ƙara wuta don ta yi sauri wallahi ƙonewa zata yi romon yayi ɗaci kuma babu abinda zai gyara shi. In ta fara kama tukunya ka ɗiga ruwa kaɗan ka kankare, wannan abin da ya kama ɗin shine daɗin.

Sai naman kaza, wato mushroom ba kazar gaske ba, kamar giram 250 yankakke ƙanana, ka soya har ruwansa ya tsotse, da tafarnuwa da masoro da tayim. Fulawa cokali 2 ka barbaɗa ka juya minti 2 don gafinta ya fita, sannan ruwan tafashen kayan lambu rabin lita, kaɗan kaɗan kana juyawa don kar yayi gudaji. Ya ɓararraka minti 15 ka tace da rariya kana dannawa da bayan cokali.

Su can Marmite suke sawa, wani baƙin abu ne mai kauri da ake yi da yis, ƙaramin cokali ɗaya ya isa don gishirinsa yawa gareshi. Ni dai inda ni ce daddawa zan daka in sa ƴar kaɗan, aikin ɗaya suke yi kuma ita kalwa ce zalla, a shagunan ƴan Afirka ka tambayi iru za su baka. Kaɗan fa nace, kar ka cika musu gida da ƙamshi.

In ka ga an rubuta a zuba jan giya, ka tsallake, ƴar tsamin da ake nema ruwan khal ko tsamiya zai baka. Lea & Perrins kuma, ruwan ɗanɗanon nan na kwalba da suke ɗigawa a girki, akwai kifi a ciki, ka ɗauki makamanciyarta Henderson's Relish tunda a garinku ake yinta kuma babu kifi. Dunƙulen magi ma ka juya bayansa ka karanta, banda bota, banda zuma akan karas, dankalin kuma da man girki za ka gasa ba kitsen agwagwa ba.

Kuma don Allah Abba kar zuciya ta raya maka ka ɗan zuba romon kaza ai ba za su gane ba. Kai ma in suka ce maka babu alade a abinci yarda kake yi ka ci, to ka riƙe musu tasu amanar, cokalin da ka juya kazarka da shi kar ya shiga tukunyarsu.

Ka yi shi tun ranar Asabar ka sa a firij, Lahadi ka ɗumama, in yayi kauri da yawa ka ƙara ruwan zafi, gishiri sai a ƙarshe bayan ka ɗanɗana. Ka turo min hoto. Babanka da ƙannenka suna gaisheka, Allah yayi maka albarka.

Ummanka