Zuwa ga Abba, kan jita da takardar da aka ba ka

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya, ya karatu ya zafin garin. Mu nan lafiya lau sai godiya, ƙafar Ummanka ma ta yi sauƙi har ta fara fita unguwa. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don in muka hau waya ko minti biyu ba a yi ka fara "toh Baba, toh Baba", ni kuma na san toh ɗin nan ta sallama ce ba ta yarda ba.

Ummanka ce ta kawo min wayarta wai in duba mata hoton da ka sa a WhatsApp, wane ne wannan mai tulin gashi da ɗankwali a goshi, ko cikin abokanka ne. Nace mata wannan ya rasu tun 1970, Jimi Hendrix ne, makaɗin jita ɗan Amurka. Muna samari kaset ɗinsa hannu-hannu yake yawo, wanda ke da rikoda shi ne sarki, saboda haka kar ka ɗauka tsoho bai san mutumin ba. Maganar ko kiɗa ya dace da kai ko bai dace ba kuma mun sha yin ta, ka san matsayina na san naka, ba ita na zo tayarwa yau ba. Kuma ba zan ce maka bai iya ba. Ya iya wallahi. Duk wannan kiɗan rock mai nauyi da kake kunna mana har tagogi na rawa, da wuya ka samu mai kaɗa jita a cikinsu da bai ɗebi wani abu a wajensa ba.

Amma kai abin da ka sani nashi shi ne bidiyon da ya durƙusa ya cinna wa jita wuta a bikin kiɗa na Monterey a 1967, da na bikin Woodstock a 1969. Ni ina so ka san abin da ya zo kafin nan da wanda ya biyo baya.

A Seattle aka haife shi a 1942, gidan talauci, uwa da uba kullum faɗa da shaye-shaye har suka rabu yana ɗan shekara 9, uwar ta rasu a 1958 yana 15. Kafin ya mallaki jita tsintsiya mai dogon mariƙi yake rungumewa yana kwaikwayo da ita. Ta farkon da ya samu ta hannu ce, dala 5. Ba malami, ba makarantar kiɗa, har ya mutu bai iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne ya koya, ya sa faifan su Muddy Waters da B.B. King ya yi ta maimaitawa har sai yatsun sun kama. Ga shi bahago, jitar bahagwai kuma ba ko'ina ake samu ba a lokacin, sai ya riƙa kifa ta masu dama ya sake jera wayoyin. In ka duba hoton naka da kyau zaka ga jitar tasa ƙirar Fender a juye take. Soja ma ba don sha'awa ya shiga ba, an kama shi ne cikin motar sata har aka ba shi zaɓi ko gidan yari ko kaki, ya shiga a 1961 aka kai shi rundunar sojan laima a Kentucky, bai wuce shekara guda da ɗan wani abu ba suka sallame shi.

Daga nan fa sai shekaru wajen huɗu yana yaron wasu. Wannan ɓangaren ne ba a sawa a status. Yana bayan mawaƙa yana musu kiɗa a ƙananan kulob na baƙaƙen fata a kudancin Amurka, lokacin da baƙi ba ya shiga otal ɗin da ya ga dama, a kwana a mota a tashi a mota. Ya yi wa Isley Brothers, ya yi wa Little Richard, shi wannan ma rabuwar ba ta daɗi ba ce, ana ƙorafin yana makara kuma yana janye idon mutane daga kan maigida. Sau da yawa jitar ma jingina yake kai ta don ya ci abinci. Kai kuwa ka yi shekara nawa da fara taɓawa, har kana gaya wa Yayarka wai karatu na ɓata maka lokaci?

Eh, ta gaya min. Kar ka ji haushinta, ni na matsa mata. Ta gaya min har da maganar mai situdiyon da ya ba ka takarda ta shekara uku, wai zai saya maka sabuwar jita da amfilifaya ya ba ka wani abu a hannu, kai kuma duk abin da ka ɗauka a situdiyonsa ya zama nasa. Da na ji "shekara uku" sai da gabana ya faɗi, don daidai abin da ya samu mutumin da ke hoton ka ke nan.

A watan Oktoba na 1965, yana New York ba ko sisi, wani mai situdiyo Ed Chalpin ya miƙa masa kwantiragi na shekara uku. Ka san nawa aka ba shi? Dala ɗaya. Dala ɗaya tal, da alƙawarin kashi 1 cikin 100 na abin da faifan suka kawo. Ya sa hannu, don a ganinsa takarda ce kawai, shi dai a bar shi ya shiga situdiyo ya yi kiɗa. Bai fi shekara ba Chas Chandler, wanda ke kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan Ingila The Animals, ya gan shi yana wasa a wani ɗan kulob a unguwar Greenwich Village ta New York ya ɗauke shi zuwa Landan a Satumbar 1966, aka haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding da Mitch Mitchell, cikin 'yan watanni manyan mawaƙan Ingila su Eric Clapton da 'yan Beatles sun zama 'yan kallo a wasansa. Chandler ya bi tsofaffin takardun da yaron ya sa wa hannu yana fanso su ɗaya bayan ɗaya, amma ta Chalpin ta tsallake, ana cewa shi Hendrix ɗin ma mantawa ya yi da ita bai ambata ba.

Shi mai takarda ai ba ya mantawa. Yana ganin suna ya fito sai ya zaro ta. Ya kwaso tsofaffin abubuwan da aka ɗauka lokacin Hendrix na yaron wani mawaƙi Curtis Knight, ya buga su da sunan Hendrix ɓaro-ɓaro a bango kamar sabon aikinsa ne, mutane suka saya suka ji ba shi ba ne, sannan ya maka Hendrix da kamfanin da ke buga faifansa a kotu. Abin da ya fi ba ni takaici, ana cikin wannan rigimar a 1967 Hendrix ya sake komawa situdiyon mutumin ya yi kiɗa don zumunci da tsohon abokinsa, aka naɗa aka ƙara sayarwa. Irin mutanen nan ne da ba su iya cewa a'a ba, kuma Abba kai ma haka kake, tun kana ƙarami in aka roƙe ka abu ko naka ne guda ɗaya sai ka bayar ka dawo kana kuka a ɗaki. Ƙarshe sulhun da aka yi sai da ya ba da faifai sukutum guda, wanda aka naɗa a wasan da ya yi a New York ranar 1 ga Janairun 1970, don a biya bashin takardar dala ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ladan ma ba ta sayi abincin rana biyu ba.

Ga kuma manajansa Michael Jeffery, wanda kuɗin ke bi ta wani kamfani da aka yi wa rajista can a tsibirin Bahamas, har yau masu rubuta tarihinsa na gardama kan nawa ya shiga nawa ya fita. A Woodstock shi aka fi biya cikin duk mawaƙan, amma mutum ne da in yana son kuɗi sai ya aika a tambayo masa. Ya gina situdiyonsa na kansa a New York, Electric Lady, don ya huta da biyan haya ya zauna ya yi aiki yadda yake so, ginin ya ci kusan dala miliyan ɗaya, kuɗin kuma daga ina za su fito in ba daga yawon wasa ba? Sai ya zama yana yawo don ya biya ɗakin da yawon ya hana shi zama a ciki. An yi bikin buɗewa a ƙarshen Agustan 1970, yana gamawa ya hau jirgi zuwa Ingila wasa, daga nan Sweden, Denmark, Jamus. A wani gari a Denmark waƙa biyu ko uku ya yi ya sauka daga dandamali, jiki ya ƙi. Ranar 18 ga Satumba ya rasu a Landan, ya sha ƙwayar barci fiye da ƙima, ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Shekararsa 27. Duka-duka daga saukarsa Landan zuwa mutuwarsa shekara huɗu ne, faifai uku na situdiyo ya fitar da ransa.

Na san zaka ce ai ƙwaya ce ta kashe shi ba takarda ba, kai kuma ko sigari baka sha. Na yarda baka sha, Alhamdulillah. Ba kuma ina wanke shi ba ne, shaye-shayensa ya daɗe, har kama shi an yi a filin jirgin Toronto a 1969 duk da kotu ta sallame shi. Amma ka tambayi kanka me ke sa yaro ɗan 27 ya kasa barci sai da ƙwaya. Mutum ga shari'a a wuya, ga bashi, ga jadawalin wasa da wani ya tsara masa ba da shawararsa ba, kuma duk wanda ke kewaye da shi cin abincinsa ya dogara ne da ya hau dandamali gobe, waye a cikinsu zai ce masa je ka gida ka kwanta wata guda? Nan garin ma ai kana ganin yaran da ke kwana situdiyo, da me suke riƙe ido har asuba, shayi ne kawai? Ba da niyyar lalacewa suke farawa ba, aiki ne aka ce sai an gama kafin gobe.

Ya mutu bai bar wasiyya ba, dukiyar ta koma hannun mahaifinsa Al, dattijo mai aikin gyaran lambu da bai san kan harkar ba, shi ma ya miƙa wa lauya ya yi ta sa hannu a abin da aka ba shi. Sai a 1995, bayan shari'a mai tsawo da taimakon kuɗi daga Paul Allen na Microsoft, iyalin suka dawo da haƙƙin waƙoƙin ɗansu. Shekara 25 bayan an binne shi. Ni ba ni da wani Paul Allen Abba, fansho gare ni, shi ma ka san yadda yake zuwa.

Saboda haka ga abin da nake so. Kar ka sa hannu a komai, ko da mutumin ya ce tayin na ƙarewa ranar Juma'a, in na gaskiya ne zai kai wata Juma'ar. Kar ka karɓi jitar, kar ka karɓi ko kuɗin mota daga hannunsa tukunna. Ka ɗauki hoton takardar shafi-shafi har da ƙananan rubutun ƙasa ka turo min, zan kai wa Kawunka ya duba, aikinsa ke nan shekara da shekaru kuma ba zai caje mu ba. Ina so ya gaya mana abu uku a fili: waƙar da ka rubuta da kanka ta wa zata zama bayan shekara ukun, kashi nawa ne naka kuma wa ke riƙe da lissafin, sannan in kai ka ga ba zaka iya ba ta wace ƙofa zaka fita. In mai situdiyon ya ɓata rai don ka ce lauya zai gani, ka gaya min wannan ma.

Jitar kuma in ita ce ta tsole maka ido, ka tambayo min kuɗin ta hannu mai kyau, ba alƙawari na yi ba amma ka tambayo. Sharaɗina dai ka gama zangon nan da sakamakon da zan iya nuna wa Ummanka, don har yanzu ban gaya mata maganar barin karatun ba kuma bana so ta ji a bakin wani. Ka kira ta yau, tace kwana biyu bata ji muryarka ba. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka rage ƙarar abin kunnen nan.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka