Godiya ga Hajiya mai shagon kayan lambu na bakin titinmu

Assalamu alaikum Hajiya, ke da yaran shagonki duka. Na so in faɗa miki baki da baki amma kullum na zo shagon cike yake da mutane, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani, ai yaba kyauta tukwici.

Tun da likita ya ce wa maigidana suga ya hau, ya rage tuwo da shinkafa ya yawaita ganye, na rasa yadda zan yi. Ni abin da na iya bai wuce miyar alayyahu da kwaɗon zogale ba, sati biyu ina juya su har ya fara ture kwano yana cewa shi fa ba akuya ba ne. A haka na shigo wajenki sayen latas na ga wani ganye mai kauri duk ya cukurkuɗe, na tambaya kika ce kale ne, daga Jos ake kawo muku shi saboda yana son sanyi, ɗan uwan kabeji ne. Na saya na je na zuba a tukunya kamar alayyahu har da karan, wallahi abin ya fito da tauri ga ɗaci, ko yara ba su taɓa ba.

Da na dawo ina mita ba ki ce laifina ba ne, kika bar kwastomomi wa yaronki kika ɗauko ganye ɗaya, kika riƙe gindin karan kika zuge ganyen da yatsu biyu ya fita tsaf. Kika yanka shi siriri a faranti, ɗan gishiri, ɗan man gyaɗa, kika matse lemon tsami kika dinga murza shi da hannu kamar mai cuɗa garin ɗanwake, ina kallo ya yi duhu ya yi laushi ya koma kusan rabi. Nan take na ɗanɗana, babu ɗacin nan. Da na koma gida na daka ƙuli-ƙuli na zuba da albasa da tumatur, kwaɗo sosai, maigida har da neman ƙari.

Sai ɗayan mai jan kara da kuke ce wa chard, shi ma ba don ke ba da na zubar da karan. Kin ce a yanka karan daban a fara soya shi da albasa da tafarnuwa don ya fi ganyen jinkirin nuna, sai ya yi laushi a zuba ganyen, minti 3 zuwa 4 a sauke. Haka nake yi yanzu, wani lokacin in fasa ƙwai biyu a kai da safe.

Amma gaskiya abin da ya fi min amfani ba ma baƙin ganyen ba ne, gyaran da kika yi min a namu na gida ne. Ni da na tashi na ga ana jefa kanwa a yakuwa da rama don kashe tsami, kika ce kanwa tana lalata wasu bitamin ɗin, in tsamin ya dame ni in rage yakuwar in haɗa ta da alayyahu. Kuma in wanke ganye kafin in yanka ba bayan na yanka ba, sannan alayyahu a ƙarshe ake sa shi, ba a barinsa yana ta tafasa har ya koma kalar ƙasa. Surukata dai har yanzu ba ta yarda da zancen kanwar ba, na ƙyale ta, amma faten tsakin da na yi ranar Juma'a ta cinye nata tas.

Ga kuma kirkin yaranki, sau biyu suna cire min ganyen da ya fara yaushi daga cikin ɗauri ba tare da na ce komai ba. Kayanki sun ɗan fi na kasuwar Yankaba tsada, ba zan ɓoye ba, amma in na lissafa kuɗin adaidaita da rana sai in ga duk ɗaya ne.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci kasuwa da zuri'a. Dan Allah in motar Jos ta iso wannan satin a ajiye min ɗauri biyu, zan aiko yaro bayan la'asar.

Taki,
wata kwastoma daga Kano