A gwada nama kafin a yanke hukunci kan ƙari a huhu da ƙwaƙwalwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin likitocinmu da iyalan majinyata kan yadda ake gano cuta idan hoto ya nuna ƙari a huhu da ƙwaƙwalwa a lokaci guda.

Abin da aka fi gani shi ne sankarar huhu ta bi jini ta haura ƙwaƙwalwa, domin ita ce kan gaba a cikin cututtukan daji wajen yin hakan. Ƙarin da ya tsiro daga ƙwaƙwalwa kuwa da wuya ƙwarai ya bar kai da laka, amma idan ya fita, huhu na cikin wuraren da yake sauka. Wani majinyacin ma cuta biyu ce daban-daban ta haɗu masa. A nan Kano tilas a sa tarin fuka a lissafi, tunda shi ma yakan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa mai kama da daji. Kowanne da maganinsa, kuma hoton CT ko MRI, wato na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin jiki, wurin ƙarin da girmansa yake nunawa, ba ya tabbatar da asalinsa. Sai an ɗebo ɗan nama an duba shi a ɗakin gwaji, wani lokaci da rini na musamman, kafin a san daga inda cutar ta taso.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗora magidanci mai tari da rama a kan maganin tarin fuka na wata 6, alhali gwajin kakinsa bai nuna komai ba. Yana sha yana ƙara lalacewa, ran da ya yanke jiki ya faɗi yana fisge-fisge sai dangi su ce iska ce. Kafin a isa asibiti da tsohon hoton ƙirjinsa a cikin ambulan na takarda, damar tiyata ta wuce.

Ina kira ga ƙananan asibitoci da su sake bincike idan wata 2 ya cika babu sauƙi, musamman idan ciwon kai da amai ko mutuwar ɓarin jiki sun biyo baya, su tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da masu gwajin nama. Gwamnatin jiha kuma ta ɗauke wa talaka kuɗin hoto da na gwajin nan, domin a kansu ne iyalai da dama ke haƙura su koma gida.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Gwale, Kano