A Daina Mai Da Ɓarnar Gona Faɗan Ƙabila

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan zaman manoma da makiyaya a ƙasar Sakkwato, musamman fadamun gulbin Rima daga Goronyo zuwa Wurno. Da zarar shanu sun faɗa gona sai ka ji ana cewa "Fulani sun yi ɓarna", alhali garke ɗaya ne na mutum ɗaya, sau da yawa ma yaro ne ke kiwon.

A da kowa na buƙatar ɗan'uwansa. Bayan girbi manomi kan roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ƙara masa da damin gero. Takin zamani ya rage wannan buƙata. Yanzu kara da harawa kuɗi ne, noman rani na albasa da shinkafa ya rufe hanyoyin mashaya, an kuma nome burtali kaɗan-kaɗan har ya zama wani wurin saniya biyu ba sa jerawa. Dabba mai ƙishi ba ta san iyakar gona ba.

In ɓarna ta auku, a je gonar a ranar, ko washegari da sassafe kafin iska da ƙafafun mutane su share sawu. Mai gari ya tafi da Sarkin Noma da Arɗo, kowane ɓangare da shaidu biyu. A bi sawun har inda ya tsaya, don garken da aka tarar kusa ba lallai shi ne mai laifi ba. Sannan a ƙirga kunyoyin da aka ci, a duba dami nawa irin wannan fili ya saba bayarwa, a yi kuɗi da farashin kasuwar makon. Shukar da aka ɗan latse, wadda za ta sake tofowa, ba a lissafa ta daidai da wadda aka cinye ƙurmus. Nan ne ake yawan cin zalin makiyayi, shi kuwa ya biya yana ƙullace da abin.

Tafinta kada ya zama dangin ɗayansu. Dattijon da ya fi jin Fulatanci kan ce "to" don kunya, a ɗauka ya yarda. A rubuta abin da aka yanke da ranar biya, kowa ya riƙe takardarsa.

Abin da ke ɓata sulhu shi ne riƙe saniya a matsayin jingina, da kiran 'yan sa-kai kafin a kira mai gari. Daga nan magana ta bar gona ta koma ramuwa.

Ina roƙon hakimanmu su riƙa zagaya burtali tare da ɓangarorin biyu tun a watan Mayu, kafin ruwan shuka, a kafa alamun kankare, domin turken icce ana tuge shi cikin dare.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato