Injin Ɗumama Gida da Ke Ƙin Tsayawa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili domin in ja hankalin 'yan'uwa mazauna ƙasashen sanyi. A hunturun bara, injin ɗumama gidanmu ya riƙa ƙin tsayawa jefi-jefi, har yara na kwana cikin gumi alhali ƙanƙara ta lulluɓe taga. Mai gyara ya fara cire na'urar daidaita zafi daga bango, da injin ya ci gaba da aiki, sai ya gane laifin ba nata ba ne. Ashe wayoyi biyu masu volt 24, ja da fara, da ke haɗa na'urar da injin, sun goge suna taɓa juna. Wanda ya ga irin wannan ya kashe makunnin injin nan take, ya kira ƙwararre.

Naka mai karatu,
daga Winnipeg, Kanada